Rigimar gini: Yadda za ka kammala gidanka ba ka rasa lafiya da zumunci ba

Wannan makon za mu ɗan fita daga kantin magani mu leƙa wurin gini, domin akwai ciwon da ake kawo mana kanti alhali tushensa yana can tsakanin bulo da siminti.

Duk wanda ya zaga bayan garin Bauchi ya ga yadda gari ke faɗaɗa: Miri ta hanyar Jos, Birshi ta hanyar Dass, Inkil ta hanyar Gombe, Tirwun ta hanyar Maiduguri. Ko'ina tifa ce ke sauke yashi. A tsakanin sababbin gidajen kuma za ka ga kangaye da suka tsaya a linta, ciyawa ta rufe ƙofa, awaki na kwana a falo. Wasu kuɗi ne ya yanke wa masu su. Da yawa kuwa rigima ce ta tsayar da su: mai gida ya ce an ci kuɗinsa, ɗan kwangila ya ce an riƙe masa haƙƙi, kowa ya rantse, aiki ya tsaya.

Abin da nake so mu fahimta a yau shi ne, yawancin rigimar gini ana shuka ta ne tun ranar da aka yi jinga da baki aka tashi ba a rubuta komai ba. Kuma idan ta tsiro, jiki da iyali ne ke fara biyan kuɗinta kafin aljihu.

Me ya haɗa gini da lafiya?

Ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da ya fara gini, galibi ya zuba tarin shekaru ne a ciki: adashe, bashin ƙungiyar ma'aikata, kuɗin gonar gado, wani lokaci har da sarƙar matarsa. Saboda haka idan aka taɓa ginin, an taɓa zuciyarsa. Jikin ɗan Adam idan ya shiga fushi ko fargaba yana sakin sinadaran adrenaline da cortisol, bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau. In na rana ɗaya ne, jiki zai warware. In kuwa wata shida aka yi ana kwana ana tashi da lissafin buhun siminti, barci zai ƙaurace, ciki ya riƙa zafi, mai ciwon sukari ya ga sukarinsa ya ƙi saituwa, mai hawan jini ya ga maganin da ya saba sha kamar ba ya aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manyan da ke da hawan jini ba su san suna da shi ba. Wannan ne ya sa nake tsorata idan magidanci ya shigo kanti da ƙurar siminti a takalminsa yana cewa, "Hajiya, a ba ni na ciwon kai da wanda zai sa in yi barci." Sau da yawa in aka lallashe shi aka gwada jininsa, sai a tarar ya wuce 140/90 nesa ba kusa ba. In ka tambayi dalili, sai labarin magini ya fito.

A gida ma haka ne. Maigidan da aka ɓata wa rai a wurin gini, uwargida da yara ne ke karɓar ragowar faɗan. Kuɗin cefane ya ragu, kuɗin makaranta ya makara, ga mai gidan haya yana aike.

Inda rigimar ke samo asali

Na farko, jingar baki. "Malam, nawa za ka kai min shi linta?" "Alhaji, ai mu da kai ba ma haka, kawo abin da ya sauƙaƙa." Daga nan aka ƙulla rigima. Shi magini a ransa jera bulo kawai ya karɓa. Shi mai gida a ransa har da haƙa harsashi, cikon ƙasa, ɗaurin rodi da zuba kankaren linta. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma ranar biya kowa zai ga an cuce shi.

Na biyu, tashin farashi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, kayan gini sun yi tashin gwauron zabi. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50, wanda ake saye Naira dubu biyar da 'yan kai, ya haura dubu goma a wurare da dama, har ta kai Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin siminti a watan Fabrairun shekarar, aka yi matsaya a kan dubu bakwai zuwa dubu takwas. Mu ɗauki misali: an yi lissafin buhu 300 a kan Naira 5,500, wato Naira 1,650,000. Kafin a saya ya koma Naira 10,000, kuɗin ya zama Naira 3,000,000. Wa zai cike giɓin Naira 1,350,000? In ba a yi maganar tun farko ba, ɗan kwangila yana da hanya biyu: ya gudu, ko ya rage siminti a kwaɓi ba tare da ka sani ba. Ta biyun ta fi haɗari.

Na uku, canza zane. Nan dole mu masu gini mu karɓi namu kason. An kai tagogi, sai uwargida ta ziyarci gidan ƙawarta a Fadaman Mada ta dawo ta ce a faɗaɗa kicin. Rushe bango aiki ne, sake shi aiki ne, bulo kuma ya tafi. Magini zai nemi ƙari, kuma yana da gaskiya.

Na huɗu, baki biyu. Maigida ya zo da safe ya ce a sa ƙofa gabas, Hajiya ta zo da yamma ta ce kudu, yayan maigida ya biyo ta wurin ya ce ai duk ba haka ake yi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ma'aikaci marar gaskiya zai fake da wannan saɓani, mai gaskiya kuma zai rikice.

Na biyar, wanda ya fi ciwo, shi ne ɗora ɗan uwa a kan aiki. Wanda ke aiki a Abuja ko Legas ko Saudiyya ya turo kuɗi wurin ƙanensa, ba albashi, ba lissafi, sai "ai ɗan uwana ne". Ƙanen ya bar sana'arsa yana yini a rana, yana ganin ya cancanci wani abu, sai ya fara cirewa da kansa. Ranar da asiri ya tonu, ba gini kaɗai ke tsayawa ba, har gaisuwar Sallah. In za ka sa ɗan uwa, yanka masa lada bayyananne, ka kuma gaya masa tun farko cewa za a riƙa lissafi, ba don zargi ba, don a zauna lafiya.

Kafin a haƙa harsashi

Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin rigimar gini takarda ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Don haka kada kunya ta hana ka, kada kuma wani ya ce maka rubutu rashin yarda ne. Ko da Hausa ce, ko da ajami, a rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi, a kuma ɗauki hotonta a waya.

Ga abin da ya kamata takardar ta ƙunsa. Aikin da za a yi dalla-dalla, daga ina zuwa ina. Wa zai sayi kaya: jingar kuɗin hannu ce kawai, ko da kaya gaba ɗaya? Irin kayan da sunansu: bulo mai inci tara ko shida, rodi mai milimita 12 ko 16, kaurin kwanon rufi, irin wayar wuta. Wa zai kawo ruwa, wa zai biya mai gadi. Ranar farawa da ranar gamawa. Abin da za a yi in farashi ya tashi. Da kuma wanda zai ɗauki kuɗin asibiti in lebura ya faɗo ko ƙusa ta soke shi, domin wannan ma ya sha raba mutane.

Biyan kuɗi ya zama mataki-mataki: kafin alƙalami kaɗan, sai biya bayan harsashi da daɓen ƙasa, bayan linta, bayan rufi, bayan filasta, haka har ƙarshe. Ƙa'idar ita ce, kada kuɗinka ya riga aiki yin nisa, kada kuma aiki ya riga kuɗinka yin nisa. A manyan kwangiloli akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har tsawon wata shida bayan miƙa makulli, don gyaran abin da ya ɓaci. Kai ma kana iya yin haka, kuma a Bauchi ya fi kyau wa'adin ya haɗa da ruwan Agusta, domin shi ke tona asirin rufi. Duk abin da ka biya, ka biya ta banki ko ka karɓi rasit. Duk canjin da ka kawo, a yi masa farashi a rubuce kafin a ɗaga guduma.

Idan da hali, ka sayi siminti da rodi da kanka a hannun dila sananne, ka ajiye littafi a wurin aiki: buhu nawa ya shigo, nawa aka fasa yau, a ƙirga buhunan da aka zazzage da yamma. Kuma iyali su zauna su zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da ma'aikata. In Hajiya ce mai ginin, kamar yadda malamai da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa mata da yawa ke yi yanzu, maigida ko yayanta ya gabatar da ita a gaban ma'aikata ya ce, "Ga mai aikin, abin da ta ce shi za a yi." Wannan jimla ɗaya tana kashe raini mai yawa.

Kada a manta da hukuma. A tabbatar da takardun fili a ofishin BAGIS mai kula da bayanan filaye a jihar, a kuma samu amincewar zanen gini daga Hukumar Raya Birane kafin a fara. Wanda ya ce maka shi injiniya ne, tambaye shi lambar rajistarsa ta COREN. Magina masu ilimin gini CORBON ke yi musu rajista, masu zanen gini kuma ARCON. A wurin gini kowa Injiniya ake kiransa, amma ba kowa ne zai iya lissafin nauyin bene ba. Sannan ka je ka ga gidan da ya gina shekara uku baya, ka gaisa da mai gidan. Gani ya kori ji.

Abin da ba a yin sulhu a kansa

Ana iya yafe jinkiri, ana iya yafe fentin da bai yi kyau ba. Ƙarfin gini kuwa ba a yafe shi, domin rayuka ne za su kwana a ƙarƙashinsa. Ba mu manta da ranar 12 ga Yulin 2024 ba, lokacin da ginin makarantar Saint Academy da ke Busa Buji a Jos, nan maƙwabtanmu, ya rufta a kan ɗalibai, mutum 22 suka rasu. Haka benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe mutum fiye da 40.

Ba sai ka zama injiniya ba kafin ka san wasu abubuwa. Kwaɓin kankaren da aka saba yi wa ginshiƙi da linta na ƙananan gidaje shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai dai in injiniya ya rubuta wani daban. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi, kuma yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, musamman a zafin Maris da Afrilu ko lokacin hunturu da iska ke busar da komai. Sandunan da ke tokare da dakin ba a cire su don kafinta yana sauri zai kai katakonsa wani aiki. Yawanci sai an yi mako biyu zuwa uku, kuma da izinin injiniya. Bulon da ke marmashewa in ka murza shi da yatsa, a mayar wa mai shi.

Muhimmin lokaci shi ne kafin a zuba kankare. Da zarar an rufe rodi, ba mai sake ganinsa. Ranar nan ka ajiye komai ka je, ko ka biya injiniyan da ba ya cikin jingar ya ƙirga rodin, ya duba kaurinsa da tazararsa, a ɗauki hoto. Kuɗin zuwansa bai kai na buhu kaɗan ba. Araha ba ta ado, balle a kan abin da 'ya'yanka za su kwana a ƙasansa.

Idan rigima ta riga ta ɓarke

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, don haka ko an yi duk abin da na lissafa, saɓani na iya zuwa. Mataki na farko: kada ka yi magana cikin fushi, kada kuma ka ci mutuncin shugaban aiki a gaban yaransa. Mutumin da ka kira ɓarawo a gaban leburorinsa ba zai sake yi maka aiki da zuciya ɗaya ba, ko da daga baya ka gano kuskuren lissafi ne. Ka koma gida, ka kwana, gobe ka kira shi gefe: "Malam, ga abin da muka rubuta, ga abin da na gani. Fahimtar da ni." Ka saurare shi har ya gama.

Mataki na biyu: tsayar da biya, ka tattara hujja. Hotuna masu kwanan wata, rasit, saƙonnin banki, saƙonnin WhatsApp, littafin kaya. Amma kuɗin yinin leburori kada ya shiga cikin rigimar. Wanda ya yini yana ɗaukar kwanon kankare a ka, da kuɗin nan zai sayi garin tuwo, kuma ba shi ya yi jinga da kai ba.

Mataki na uku: a auna aiki. Yawancin gardama a kan "na yi aikin da ya fi kuɗin da ka ba ni" ne. Ku yarda da mutum na uku, masanin ƙiyasin kayan gini ko injiniya mai rajista, ya zo ya auna abin da ke ƙasa ya yi masa kuɗi. Ku yarda tun kafin ya zo cewa abin da ya faɗa shi ne. Lissafi kan kashe wutar da rantsuwa ke hurawa.

Mataki na huɗu: sulhu. Wanda ya haɗa ku, shugabannin ƙungiyar magina, mai unguwa, liman ko fasto, duk suna da bakin magana. Akwai kuma Zauren Sulhu na Hukumar Shari'a ta jiha. A matakin ƙasa, dokar sasanci da sulhu ta 2023 ta ba yarjejeniyar da aka cimma ta wannan hanya ƙarfi a gaban kotu. Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta: nawa za a mayar, yaushe, wane gyara za a yi.

Mataki na ƙarshe shi ne kotu, tare da shawarar lauya. A nan ina jan hankalin masu gaggawar kai magini ofishin 'yan sanda. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. In sata ce ƙarara, kamar an kama shi yana sayar da simintinka, ko ya karɓi kuɗi da sunan ƙarya ya ɓace, wannan laifi ne, a kai rahoto. In kuwa jinkiri ne ko gardamar lissafi, sa a kulle shi na iya juyewa ya zama kai ake ƙara. Kwace kayan aikinsa ko tura matasa su tsorata shi ma haka.

In ta kai ga rabuwa, a rabu a rubuce. A auna aikin, a ƙirga kayan da suka rage, a biya abin da ya hau kan kowa, sannan a kawo sabon ma'aikaci. Wanda ya ɗora sabon magini a kan aikin da ba a auna ba, ya binne hujjarsa da hannunsa.

Kula da mai ginin

Yanzu bari in koma kujerata. In kana gini, ka riƙa gwada jininka aƙalla sau ɗaya a wata, ko da kana jin garau. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari, kada ka yanke shi don ka ƙara buhun siminti. Na ga masu yin haka, kuma jinyar shanyewar ɓarin jiki ta fi kuɗin rufin gida.

Kada ka mayar da diclofenac ko ibuprofen abincin kullum saboda ciwon kai: suna iya ɗaga jini, su ƙwaƙule ciki, su taɓa ƙoda. Paracetamol ma babba kada ya wuce giram huɗu a yini. Magungunan barci irin su diazepam da bromazepam sai da takardar likita, domin jiki na saurin sabawa da su, kuma ba su biyan bashin kowa. In ka ga awon jini ya kai 180/120, ko baki ya karkace, hannu ya yi nauyi, magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a nufi Asibitin Koyarwa na ATBU ko Asibitin Ƙwararru ko mafi kusa nan take.

Ka sa wa kanka doka: bayan sallar Isha'i babu wayar magini, babu lissafin bulo a kan shimfiɗa. Ka gaya wa uwargida gaskiyar halin da ake ciki, domin ɓoyewa ke haifar da zargi, kuma sau da yawa ita ke hango abin da fushi ya rufe maka. In za a kai yara ganin gida, a kula da ramin sokawe da tankin ruwa da ba a rufe ba, da ƙusoshi a ƙasa. Wanda ƙusa ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya je asibiti a duba batun allurar tetanus. Ɗanyen siminti kuma yana ƙona fata da ido, in ya taɓa a wanke da ruwa mai yawa.

In kuɗi ya yanke, tsayawa ba abin kunya ba ne. A rufe aikin a matakin da ruwa ba zai ɓata shi ba, a sallami ma'aikata da haƙƙinsu, a jira. Gidan da aka gina a shekara biyar aka shiga da ƙafa ya fi wanda aka gina a shekara ɗaya aka shiga a keken marasa lafiya.

Allah Ya ba masu gini ikon kammalawa, Ya ba masu haya nasu, Ya sa albarka a guminmu da na ma'aikatanmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.